Kwanon Wayoyin Sajan Haggai

Duk wanda ya san gindin mangwaron da ke kusa da tashar 'yan mashin ɗin Ribah a Zuru ya san Sajan Haggai, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Tsohon soja ne ɗan garin Manga, gajere mai faɗin ƙirji, yana ɗingishi tun da ya dawo daga Laberiya. Kafin ya sa kaki sai da ya yi golmo, noman nan da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata, kuma har gobe in zai cika baki da golmo yake farawa, ba da yaƙi ba. Matarsa Saloma da ya sha rana dominta ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Gladys. In ka cire Gladys, ba abin da yake ji da shi a duniya kamar rediyonsa da kan bencin nan na gindin mangwaro.

Kullum bayan la'asar majalisa ke cika. Sajan ya kunna rediyo, a saurari labarai, ya kashe, sai a shiga yi wa duniya shari'a. Yau a ce kotu ta yanke hukunci kan kuɗin ƙananan hukumomi, gobe a ce an ƙera motar da ke tuƙa kanta, jibi na'urar zaɓe ta ƙi gane yatsan manomi. Babu labarin da ya fi ƙarfin mutanen nan. Abokin musunsa na har abada shi ne Malam Muntaka tela, wanda in Sajan ya ce gabas zai ce yamma ko da rana na fitowa a kan idonsa. Sun tsufa suna yi wa juna gardama, kuma ranar da aka binne Saloma, Muntaka ne ya zauna da shi har aka watse.

Abin da ya ɓata wa Sajan rayuwa ya faro ne daga rijiyar burtsatse. Alhaji Zakiyyu, uban jam'iyya a unguwar, ya haƙa ta gab da zaɓe, aka yi kiɗa aka yanka rago, bayan wata guda ta koma ba ta ba da komai sai huci. Sajan ya faɗi haka a benci, ya ƙara gishiri yadda ya saba, aka yi dariya har da riƙe ciki. A cikin masu dariyar akwai Nasiruddeen, matashi mai fararen kaya da ke neman shiga jikin Alhaji. Ashe wayarsa na ɗauka. Kafin mako ya zagayo maganar ta isa kunnen Alhaji, kuma Gladys, wadda ke koyarwa a makarantar kuɗi ta Alhajin, aka ce ta huta a gida. Hutun nan har yau bai ƙare ba. Malamar da yara ke rugawa su karɓi jakarta ta koma suyar awara a ƙofar gida.

Nasiruddeen ya zo ya durƙusa, ya ce kuskure ne, wasa ya tura wa wani, wani ya tura wa wani. Dattawa suka sa baki. Sajan ya ce ya wuce. Ƙarya yake, wallahi ƙarya yake! Duk yammacin da ya dawo ya tarar da Gladys cikin hayaƙi tana share ido da gefen zane, sai abin ya dawo masa sabo fil. Ba ya son a ba shi haƙuri, ba ya son diyya. So yake yaron nan ya ji muryar kansa tana yawo a gari tana cin namansa, kamar yadda aka yi masa.

Shi da kansa ya kafa dokar kwano. Ya aro wani tsohon kwanon silba wurin Adama mai ƙosai, ya ce daga yau duk mai son buɗe baki a benci sai ya kashe wayarsa ya jefa ciki, a rufe da faifai, a ajiye ƙarƙashin ƙafarsa. Shi ke fara jefa tasa, 'yar ƙaramar nan mai tocila da aka ɗaure da roba. Dokar ta karɓu har ta zama abin alfaharin majalisa. Mutane suka saki jiki suna faɗin abin da ko a ɗakinsu ba sa faɗa, don kowa ya san kwano na ƙarƙashin ƙafar Sajan, kuma Sajan ko saƙo bai iya buɗewa ba.

Abin da ba su sani ba, ya je Ribah ya sayo babbar waya ta hannu, ya zauna gaban mai shagon kamar ɗan firamare har ya koyi abu ɗaya tak, wato inda ake dannawa a ɗauki magana a kuma saurare ta. Ya sa aka ɗinka masa aljihu a cikin rigarsa, amma ba wurin Muntaka ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Mutumin da ya yi golmo ba a koya masa jira.

Sai ga Nasiruddeen ya fito neman kansila, Alhaji Zakiyyu na riƙe da hannunsa. Ya zo benci gaishe da iyaye, ya jefa wayoyinsa biyu cikin kwano da ƙara don kowa ya ji. Sajan ya matsa masa wuri, ya sayo masa ƙosai, ya riƙa kiransa Honarabul. Yaro ya ji daɗi, kai ya kumbura.

"Honarabul, mutanenmu na Manga fa?" in ji Sajan a hankali. "Kuma Alhaji zai bar ka ka yi numfashi kuwa?"

Nasiruddeen ya dubi kwanon, ya yi dariya. "Baba Soja, mutanen Manga gishiri da magi sun ishe su. Alhaji ko, tsoho na, ƙwaƙwalwa tai sanyi. Bari in hau, in aje shi gefe kamar rijiyar nan tashi."

Ranar kasuwa Sajan ya hau mashin zuwa Ribah, mai shagon nan ya yanko maganar Nasiruddeen kaɗai ya tura cikin wani zauren WhatsApp. Kafin ya dawo Zuru ta riga shi isowa. Ya ci tuwo ranar har da neman ƙari, Gladys na mamakin abin da ya same shi.

Amma Nasiruddeen ba kanwar lasa ba ne. Washegari ya iso majalisa da magoya baya, har da direban Alhaji da aka turo ya ji gaskiyar magana. Da ma makon nan rediyo ya yi ta batun wata fasaha da ke kwaikwayon muryar mutum ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba, an kwana biyu ana musu a kai a bencin. Yaron ya kama wannan ya riƙe gam.

"Kun dai ji da kunnenku cikin labarai," in ji shi. "Na'ura ta anka sa ta yi muryata. Akwai doka bisa wanga aiki, kuma sai na kai ƙara. In an ce nan na hwaɗe ta, to wa ya ɗauka? Waya duk tana cikin kwano, kwano na ƙarƙashin ƙahwar Baba Soja. Ko kuna zargin Baba Soja?"

Duk wanda ke bencin ya ji maganar da kunnensa ranar, amma ba mai son ya zama shaida a rigimar 'yan siyasa, kuma ba mai son a ce kwano ya yi yoyo. Muntaka, wanda bai taɓa goyon bayan Sajan a kan komai ba, ya miƙe ya ce, "Ni dai abu guda na sani. Haggai ba ya cin amana. In an ce daga nan ta hita, ƙarya anka yi." Direban Alhaji ya gyaɗa kai, ya fara laluben makullin mota.

Sajan ya ga abin da ke shirin faruwa sarai. In ya yi shiru, yaron ya tsira, ya zama kansila, shi kuma ya ci gaba da zama mai kwano da mutuncinsa. Ya dubi Muntaka da ke tsaye yana huci dominsa. Ya tuna hayaƙin awara. Ya zura hannu cikin riga, ya zaro babbar wayar, ya danna da yatsan nan nasa mai kaushi. Muryar Nasiruddeen ta tashi, ga tasa muryar yana tambaya, ga Adama can baya tana cewa a miƙo mata faranti.

"Ba na'ura ba ce," ya ce. "Ni ne. Je ka gaya wa Alhaji, Sajan Haggai uban Gladys ne ya ɗauka. Kai kuma yaro, kai ƙarar, ina nan."

Ba a kai ƙara ba. Alhaji ya zare hannunsa, mutanen Manga suka aiko wa Nasiruddeen da ƙullin gishiri har gida, takara ta mutu tun kafin a buga hotuna. Ya tattara ya koma Birnin Kebbi wurin wani ɗan'uwansa. Gladys kuwa ba wanda ya kira ta, tana nan da kaskonta.

Sajan ya sa wankakkiyar riga ya fito bayan la'asar kamar kullum. Adama ta riga ta ɗauke kwanonta ta zuba yaji a ciki. Aka gaishe shi da ladabi, aka matsa masa wuri fiye da yadda yake bukata. Ya kunna rediyo, aka karanta labarin wata sabuwar doka da a da za ta kai su magariba ana ɗaga murya. Ya kashe, ya gyara zama, ya ce dokar banza ce, yana kallon Muntaka. Wani ya ce da alama za a yi ruwa. Wani ya tuna yana da aike a kasuwa.

"Muntaka, na ce dokar banza ce."

Tela ya daɗe yana kallon ƙirjin rigar abokinsa, daidai wurin ɗinkin da ba shi ya yi ba. Sannan ya sa takalmansa.

"Gaskiyarka, Sajan," ya ce. "Duk yadda ka ce, haka na."