Kunun Alhaji a Ƙofar Tiyata

Ƙaba ce ta kai ni asibiti, ba wani ciwon manyan mutane ba. Shekara da shekaru ina jan akwatin laima da huluna zuwa bakin tashar jirgin ƙasa a unguwar Jamaica ta birnin New York, ran nan abin ya leƙo ya ƙi komawa. Aka kwantar da ni, aka ce da safe za a yi tiyata.

Nas ɗin ɗakinmu, wata doguwar mata mai furfura a goshi, ta ja kujera ta yi mini bayani, ɗana yana juya mini da Hausa. Ni Turancina na ciniki ne, boko kuwa tun a aji biyu muka raba gari. Ta ce kada komai ya shiga cikina sai an gama. In aka yi wa mutum allurar barci da abinci a ciki, yana iya tasowa ya gangara huhu, mutum na kwance bai san ana yi ba. Na ce a gaya mata wanda ya saba azumin bazarar garin nan, wannan ai wasa ne.

Da sassafe sai ga Alhaji, yayan matata, wanda ya ba ni aurenta. Tun asuba ya taso daga unguwar Mount Hope, yana dogara sanda, da fulas a leda. Ɗana ya sauka neman wurin ajiye mota. Alhaji ya zauna, ya yi addu'a, ya tsiyaya kunun gyaɗa da hannunsa ya miƙo mini.

"Karɓi. Ba a shiga hannun masu wuƙa da cikin wofi."

"Alhaji, ai sun ce..."

"Sun ce! Su suka haife ka? Yi bismillah."

Mutumin da saboda kunya ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, yaya zan bar hannunsa a miƙe? Na karɓa da hannu biyu. Kunun kuwa ya ji tsamiya, ga shinkafa ta nuna luguf. Na shanye, ya ƙara mini rabi.

Da nas ta zo tura ni, ɗana ya dawo. Ta tambaya a gaban kowa: na ci ko na sha wani abu? In na ce e, na tona asirin dattijo a gaban baƙuwa da ɗan cikina. Na girgiza kai. Ta dube ni, ta dubi fulas a ƙarƙashin kujera, ta dubi kofin da bai bushe ba.

Aka kama hanya da ni a gado mai taya. Fitilun sama suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kunu yana kai-kawo a cikina duk inda aka yi kwana. Na ce a raina zan faɗa in mun shiga lif mai hawa bene. Muka shiga, muka fita. Na ce to, in mun kai waccan ƙofa. Muka wuce ta, sai kalmar shahada nake ja a zuci. Wai ni ne zan mutu a New York saboda kofi ɗaya da rabi.

A ƙofar tiyata nas ɗin ba ta ajiye ni ta juya ba. Ta matsa kusa da nas ɗin ciki ta yi magana ƙasa-ƙasa, na ga ta karkata hannu kamar mai tsiyaya. Ta cikin ta ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak, har babban likita da ya riga ya wanke hannu yana riƙe da su a sama. Daga baya ɗana ya ce ƙa'idarsu ce: babba ko ƙarami, duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da ikon tsayar da aiki.

Likitar allurar barci, yarinya sa'ar 'yata, ta kira tafinta a waya. Wata murya ta fito da Hausar Zango.

"Baba, likita na tambaya. Ka sa wani abu a baki yau? Ba wanda zai ji daga waje."

Na ce, "Ɗan kurɓi ne."

Likitar ta jawo na'urar hoto, ta shafa mini wani abu mai sanyi a ciki. Sai ga kurɓin nawa ya cika allo, yana lilo a gaban jama'a. Na runtse ido ina jiran faɗa.

Ba wanda ya yi mini tsawa. Babban likita ya juya ya gyaɗa wa nas ɗin ɗakinmu kai, sannan suka kewaye ni suna shawara. Ya danna ƙabar ya ga ko za ta iya jira, yarinyar ta faɗi lokacin da kunun zai gama sauka daga cikina, nas ta ce ita za ta riƙa duba ni, da ciwon ya sauya za ta kira su. Aka mayar da ni ɗaki. Yinin nan duk motsin da cikina ya yi sai gabana ya faɗi, ita kuwa ba ta gaji da leƙowa ba. Sai bayan la'asar aka shiga da ni.

Na farka maƙogwaro a bushe, numfashi yana shiga yana fita yadda Allah ya yi shi. Alhaji na zaune gefen gado, hannu wayam.

"Sannu. Wannan nas ɗin taku ta fi soja. Ta ƙwace mini fulas, wai sai likita ya ba da izini."

Ashe ba ta gaya masa abin da ya jawo jinkirin ba. Na hango ta a bakin ƙofa, ledar na rataye a hannunta.

Na ce, "Ai ka ga halinsu, Alhaji. Sai haƙuri."