Tsohuwar da Ta Cece Ni a Kan Dala

Jama'a, yau na je ɗaukar hoton shamuwa, na ƙare da shan rubutu!

Da hantsi na ga shamuwoyin farko na bana sun sauka a kan Dutsen Dala. Na rufe shagona na Kurmi, na saɓa akwatin hoto na hau. Gilashin da hoto yake fitowa a kai ɗaya tak ya rage mini. Na kafa ƙafafun akwatin, na lulluɓe kaina da baƙin ƙyalle, na yi tsit kada tsuntsayen su tashi.

Sai na ji salati a bayana. Kafin in motsa, ruwa shaa a ƙeyata! Aka fizge ƙyallen. Shamuwa fir, suka watse!

Na juyo zan yi masifa, sai ga wata tsohuwa da buta a hannu.

Ta ce, "Yaro, ka dawo? Mutanen dutsen nan ne suka kama kanka. Haka suka yi wa ɗana Garba, har yau bai san ni ba."



Na ce, "Iya, na'ura ce kawai. Leƙa ki gani."

Na manta a cikin akwatin komai a kife yake fitowa. Ta leƙa, ta ga Kano ƙafa a sama.

"Innalillahi! Har garin sun juya!"

Ta damƙe hannuna, ba ta sake ni ba sai zauren wani malami a Ƙofar Ruwa. Aka wanko allo, ta tsare ni da ido tana hawaye.

Na shanye tas.