Tandar Inna da fanken kabewa

Na sa tsinke zan juya na farko, ya manne. Na biyu ya fashe, kabewar ta zubo.

Wani fanke ne na mutanen Denmak na gani a waya. Kamar masa ake soya shi, sai dai ana zuba dafaffiyar kabewa da sukari a tsakiya. Tun rasuwar Inna, Baba ba ya cin abin kirki, ga shi da son kabewa. Shi ya sa na je gida Ƙofar Durɓi, na ɗauko tandarta, na dirje ta da soson ƙarfe har ta yi fes.

Baba ya leƙo, ya daɗe yana kallon tandar.

"Wanke ta kika yi, ɗiyata?"

"Eh, Baba. Ta yi baƙi da yawa."

"Ai ba dauɗa ba ce. Mai ne, shekara talatin Innarki tana shafa mata."

Ya zauna ya cinye fasassun nan duka.

Tanda za ta sake shan mai, amma ba daga hannunta ba. Allah ya jiƙan Inna. Ku kuma me mahaifiyarku ta bari da kuke lallaɓawa?