Malam Maude da Kamilin Adadi na Biyar

Malam Maude mutumin Wagini ne, manomi kamar kowa, sai dai shi ake kira in za a raba gado, don ya yi karatun hisabi a birnin Katsina tun yana saurayi. A can malaminsa ya koya masa cewa adadi iri uku ne. In ka ɗauki adadi ka tara duk waɗanda ke raba shi daidai, ban da shi kansa, ko jimillar ta gaza, ko ta yi rara, ko ta faɗo cif a kansa. Wannan na ukun shi ne kamili, kamar shida, wadda ɗaya da biyu da uku suka cika ta.

"Huɗu na sani," in ji malamin. "Shida, ashirin da takwas, ɗari huɗu da casa'in da shida, sai dubu takwas da ɗari da ashirin da takwas. Na biyar ya wuce dubu goma, bai kai dubu ɗari ba. Ni dai ban iske shi ba."

Maude ya dawo gida da wannan magana a zuci. Kowane rani, da hatsi ya shiga rumbu, sai ya share ƙasa a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, yana zane da yatsa, yana bin adadi ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai gaza ba ya yi rara. Har furfura ta fito masa.

Matarsa Atika ta taɓa tambayarsa, "Malam, in ka same shi, me za a yi da shi?"

"Ba komai. A dai san yana nan."

Wata kaka mahara suka faɗo daga wajen Maraɗi. Mutane suka watse cikin duwatsu, aka kama Lado, ɗan Maude, a gona. Maude ya bi sawu har bakin dajin Rugu, ya dawo shi kaɗai, ƙafafu a kumbure.

Da rani ya zagayo ya koma gindin tsamiya, ya share ƙasa, ya tsaya da yatsa a sama.

"Atika, a ina na tsaya bara?"

"Wallahi Malam ban sani ba. Lado kake faɗa wa."

Sai ya koma dubu goma ya faro daga fari. Ba mai gaya masa cewa malaminsa ya yi kuskure, cewa abin da yake nema ya haura dubu sau dubu talatin da uku.

Daga baya ido ya tafi. Aka daina kiransa rabon gado. Atika kan ja shi zuwa inuwa da hantsi, ta ajiye masa fura, yamma ta yi ta iske ta yadda ta bar ta. In matafiya sun biyo daga arewa, sai ya sa a tsayar da su, ya kwatanta masu kamannin Lado. Har ya rasu ba wanda ya ce ya gan shi.