Adakar Haladu da Take Kwana a Ruga

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Haladu makwancinsa. Amma har gobe, in na bi ta gefen kanal ɗin da ya ratsa gonakinmu a ƙasar Bunkure, na ga tsuntsaye jan baki sun taso daga cikin shinkafa, sai in tsinci kaina ina jiran ƙarar bindigarsa. Allah ya jiƙan Haladu, ya sa ya huta.

Taubashina ne, ɗan goggona, don haka ina da damar tona masa asiri ko a jarida. Mutum ne mai kyauta, mai son dariya, amma zuciya gare shi kamar an yayyafa kananzir a murhu. Garwashi nake kiransa, shi kuma ya ce da ni Malam Alli, saboda ina koyarwa a firamare. Abin da ya raba shi da sauran masu zafin rai shi ne ya san halinsa, kuma yana tsoron halin nan fiye da yadda muke tsoronsa.

A farkon shekarun dubu biyu ne jan baki suka saka shi a gaba. Shinkafa na fitar da kai sai su sauko, a yi ihu, a kaɗa gwangwani, a yi majajjawa, duk a banza. Haladu ya sayar da 'yan buhunan da suka rage masa, ya ce bana sai ya mallaki bindiga. Bai taɓa riƙe ta ba a rayuwarsa, kuɗin kuma ba su taka kara sun karya ba.

Sai dai lokacin bai yi kyau ba. A ranin da ya gabata shanu sun shiga tumatirin wani maƙwabcinmu, an sari saniya, gari da ruga suka daina gaisawa yadda aka saba. Gonar Haladu kuwa ita ce a bakin burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Da labari ya bazu, wasu a majalisa har da cewa, "Yauwa, yanzu za su shiga taitayinsu." Magana ta isa ruga. Sambo, Bafulatanin da tun suna samari yake sauke shanunsa a gonar Haladu bayan girbi, ya daina tsayawa. Da ya saba in ya zo wucewa ya jingina sandarsa su sha fura, yanzu sai ya ɗaga hannu daga nesa. Wannan ya ci wa Haladu rai fiye da ɓarnar tsuntsaye.

Ana cikin haka wani dillali ya ja shi gefe a kasuwar Kura, ya yi masa tayin wata 'yar ƙaramar bindiga ta sakawa a aljihu, a farashin da aljihunsa zai ɗauka. Ya gaya mini, kuma bai ɓoye cewa ta ba shi sha'awa ba. Na ce da shi wannan hanyar gidan yari ce kai tsaye.

"Ba gidan yarin ne ya dame ni ba, Malam Alli," in ji shi. "Wannan ba ta tsuntsu ba ce. In tana aljihuna ranar da wani ya zage ni, wa zai riƙe ni? Kai? Da ƙafafun nan naka?"

Mai baki biyu ta kanti kuwa ko tambayar kuɗinta bai yi ba. Abin da ya rage shi ne adaka, ƙirar maƙera. Ya nemo takardar izini, sannan ya yi abin da ya bar gari da baki buɗe: ya taka har ruga, ya ce Sambo ya zo ya zaɓar masa. Mu uku muka hau babur ɗina zuwa wurin maƙeri, Sambo a tsakiya, ni ina gaba ina roƙon Allah kada taya ta fashe.

Maƙerin ya fito da abin da yake da shi. Akwai wata gajeriya mara nauyi, wadda ya ce tana da saurin ɗuri. Haladu ya shafa ta, ya ajiye. Ya ce shi wadda ta fi ƙara yake so, kuma wadda ta fi wahalar ɗurawa. Maƙeri ya dube shi ya dube ni, alamar ko mutumin namu lafiya. Sai Sambo ya nuna wata doguwa da ke jingine a bango, mai nauyi kamar taɓarya. Kafin a gama ɗura wannan, mutum ya manta abin da ya ɓata masa rai. Ita ce ma mafi arha, don ta daɗe babu mai so.

A hanyar dawowa Haladu ya ce in tsaya a bakin burtali. Ya miƙa wa Sambo bindigar, ya ce a wurinsa za ta riƙa kwana, albarushi kuma a gidan Haladu. Kullum in zai fito da shanu ya taho da ita, da yamma ya karɓa. A majalisa an yi masa dariya son rai, har da ni, don wallahi ban taɓa jin mutum ya sayi bindiga ya kai wa wanda ake cewa dominsa aka saye ta ba. Amma ka ga, dole suka koma gaisawa safe da yamma.

Damina ta zagayo. Wata safiya muka isa gona tare, muka tarar shanu sun ratsa ta gefen gabas, sun tattake shinkafar da ta kusa nuna. Na dubi fuskar Haladu. Ya juya ya nufi ruga, jakar albarushi na rataye a kafaɗarsa. Na bi shi ina kiran sunansa, ko waiwaye.

Muka iske Sambo a zaune a kan tabarma, bindigar na kan cinyarsa. Ya riga ya sani. Ya miƙe, ya miƙo ta da hannu biyu.

"Ga ajiyarka, Malam Haladu. Shanuna ne, ba na wani ba."

Haladu ya karɓa. Matan ruga sun yi cirko-cirko. Ya daɗe yana kallon Sambo, sannan ya saɓa ta a kafaɗa ya ce, "Yau ka makara, tsuntsaye sun riga mu. Taso mu je ka ga aikin da 'ya'yanka suka yi mini." A hanya ya yi faɗa, faɗa na gaske, har muryarsa ta dushe. Mai unguwa da arɗo suka zo suka duba ɓarna aka sasanta. Da yamma Sambo ya zo karɓar bindiga, Haladu ya ba shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da a ce ya ga yau. Burtalin ya tsuke, kowa ya ci nasa gefen. Labarin garkuwa da mutane da na ɓarayin shanu ya cika wayoyinmu, har wanda bai taɓa yanka kaza ba yana zancen makami. Ba na cewa tsoron ƙarya ne, ni ma ina ji. Ina dai zaton Haladu zai yi tsaki, ya zage mu tas, sannan ya tambayi wa ya leƙa ruga a makon nan. Kai, ina kewar mutumin nan, har faɗansa nake kewa.

Bai bar wata dukiya ba. Abin da ya bari, a ganina, shi ne gari da ruga da ba su zubar da jinin juna ba a zamaninsa, alhali an zo gab da hakan. Kwanan baya babban ɗansa Nura, wanda ke noma gonar yanzu, ya same ni a zaure. Ya yi ƙasa da murya ya ce yana so in ba shi shawara, wace irin bindiga ce za ta dace da ɗan abin da ya tara. Na ce da shi, "Wa za ka ba ajiyarta?" Ya yi ta lalube a ransa, sunan mutum ɗaya bai zo masa ba.

Na ce, "To je ka nemo mutumin tukuna, Nura. In ka same shi, ku zo tare."