Ranar da Malam Ya Cire Hula

Yawancin ranakun rayuwata sun bi ruwa, ko an tsare ni da tambaya ba zan iya kawo su ba. Amma akwai guda ɗaya da ta ƙi tafiya, ita ce ranar da muka je jana'izar maƙwabcinmu a wata coci a Maraɗi, ni da maigidana, Allah ya jiƙansa. Ko tsufa zai kwashe mini komai, na san wannan rana ba zan manta da ita ba.

Sai na fara da zancen hula, don in ba a san shi ba, ba za a gane sauran ba. Malam, haka nake kiran maigidan nawa, ba ya cire hula. Tun yana rarrafe, wata rana uwarsa na suyar ƙuli-ƙuli, ya jawo kaskon mai ya zubo masa a ka. Allah ya yi da sauran kwana, amma rabin kan bai sake fid da gashi ba, fatar ta tattare tana sheƙi. Yara suka laƙaba masa wani suna, wanda ko yanzu da ba ya duniya ba zan faɗa ba. Daga ranar da ya samu hularsa ta farko, bai sake yarda wani ya ga kan nan ba sai wanzami. Alwala a bayan ɗaki yake yi. Wanzami a zaure yake masa aski, ƙofa a rufe. Ko barci da wata 'yar hular saƙa yake yi. Ni da na haifa masa 'ya'ya har muka aurar, ban taɓa ganin kan mijina a fili ba. Nakan tsokane shi in ce, "Malam, ran da Allah ya kira ka Makka, da hula za ka yi harami?" Sai ya harare ni ya ce, "Ke dai bari Allah shi kira tukuna."

Maƙwabcin namu kuwa mutumin Benin ne, Kirista ɗan Katolika. Aiki ya kawo shi Madarumfa yana saurayi, ya zama shugaban ma'aikatan gidan likita, shi ya sa kowa ke ce masa Majo, matarsa kuma Madam. Da ya gama aiki bai koma ƙasarsu ba. Ya sayi garka a bakin tafki, jikin ta Malam, suka haɗa kuɗi suka sayi injin ban ruwa ɗaya. Wannan inji ya sha zagi. Kullum suna gardamar wa zai fara ban ruwa, Majo da karyayyiyar Hausarsa, Malam da taurin kansa, da yamma kuma ka gan su sun jero suna dawowa suna dariya kamar ba su ba. In Sallah ta zo mu aika musu da nama. In nasu bikin Nowel, wato Kirsimeti, ya zo, Majo da kansa yake rungumo kaji ya kawo wa Malam ya yanka, don kada mu ƙi cin abincin da Madam za ta aiko. Haka muka zauna har gashin kowa ya yi fari, ban da na Malam da ba wanda ya san launinsa sai wanzami.

Cikin wata bazara Majo ya kwanta ciwo. Aka kai shi babban asibiti a Maraɗi, bai dawo ba. Ranar da labari ya zo, Malam ya shigo daga garka da laka a ƙafa, ya zauna bakin rijiya, tuwo ya huce a gabansa bai taɓa ba. Aka ce za a yi wa mamacin addu'a a coci, daga nan mota ta wuce da gawar ƙasarsu. Malam bai samu ganinsa a asibiti ba, don kullum cewa ake ya ji sauƙi, gobe za a sallame shi. Saboda haka cocin nan ce kaɗai ta rage masa, in bai gan shi a can ba, shi ke nan.

Mutane ba su rasa abin faɗa ba. Wasu suka ce me zai kai Musulmi coci. Malam bai yi gardama da kowa ba, ya je ya samu limamin unguwarmu. Liman ya ce maƙwabci na da haƙƙi, ya je ya yi ta'aziyya, ba ibadarsu aka ce ya yi ba. Ni kuma na nemi wata ƙanwar Madam na tambaye ta irin kayan da ake sa wa in za a shiga cocinsu, don kada mu je mu yi abin kunya. Ta ce mace ta rufe jikinta, kada kafaɗa ko ƙirji su fito, zane ya sauka ƙasa, ta ɗaura kallabi, kuma ban da ƙyale-ƙyale tunda makoki ne. Na yi dariya na ce ai wannan kayanmu ne na kullum. Na maza kuwa ban tambaya ba. Wa zai kawo wa ransa cewa akwai abin tambaya a shigar namiji?

Da safe Malam ya ciro babbar rigarsa ta Sallah, ya ɗauko hular da ta fi duk hulunansa tsayi da aiki, ya tsaya yana gyara mata zama. Na ce, "Wannan ado haka, kamar mai zuwa ɗaurin aure?" Ya ce, "Majo bai taɓa zo mini da ƙazamin kaya ba." A wurinmu iyakar girmamawa ke nan, babbar riga da hula.

Muka isa rana ta fara zafi. Harabar cocin cike da mutane, mata 'yan ƙasarsu sun yi anko, kowace da kallabi. A gabana wata tsohuwa ta tare wata budurwa da ta zo da riga mai siririn hannu, ta ciro gyale daga jakarta ta yafa mata a kafaɗa, ba faɗa ba hayaniya. Na ce a raina, ashe su ma suna da irin tsofaffinmu. Hankalina ya kwanta, na ga ba mu da abin da za a gyara mana.

Da muka zo bakin ƙofa, ba tare da mun yi shawara ba, ni da Malam muka tuɓe takalma muka jera su gefe. Wani dattijo da ke tsaye yana nuna wa mutane wurin zama ya matso da murmushi. Bahaushe ne, Kirista, harshensa irin namu. Ya gaishe mu, sannan ya rage murya ya ce, "Baba, ku maida takalmanku. Nan da takalmi ake shiga. Hula ce maza ke cirewa."

Malam ya ce, "Mi ka ce?"

Mutumin ya maimaita. Na leƙa ciki. Duk mazan da ke zaune, yaro da babba, ba mai komai a kai. Na dubi Malam, na ga hannunsa ya tashi ya dafe hular kamar iska za ta ɗauke ta. Dattijon ya lura akwai wani abu. Da sauri ya ce, "Amma ku baƙi ne, Baba, ba komi. Ku shiga da abarku, ba wanda zai ce muku uffan."

Na ji sanyi a raina, na ce to Alhamdulillahi. Amma Malam bai motsa ba. Ya tambayi mutumin, "Shi Majo, in ya zo wanga wuri, da hula yake shiga?"

"A'a, Baba. Tun daga nan yake riƙe ta a hannu."

Malam ya juyo gare ni ya ce, "Ke shiga, ki zamna wajen Madam. Ni ina nan waje."

Na ce, "Haba Malam, an ce an yahe maka."

Ya ce, "Ba yahiya na zo nema ba. Ba ni shigar mishi wuri da abin da shi bai shiga da shi ba."

Na san mijina. In ya yi irin wannan murya, ko gari za a tara ba ya sauyawa. Ya koma gindin wani itacen dogon yaro ya tsaya, ƙafa ba takalmi. Ni kuwa na mai da nawa na shiga, ina jin su a ƙafa kamar na ɗauro duwatsu.

Madam na ganina ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Ina Malam?" Na ce yana tafe. Ƙarya na yi, kuma ban san abin da zan ce ba in ta sake tambaya. Akwatin gawar na gaba, kyandirori kewaye da shi, an bar ɗan gilashi daidai fuskar. Limaminsu, wanda suke ce wa Mompe, ya fito cikin doguwar riga har ƙasa. Aka yi ta waƙa da karatu, wani da Faransanci wani da Hausa, a tashi, a zauna, a durƙusa. Ni dai ina zaune, ban fahimci rabin abin ba, don hankalina na ƙofa. Haushi nake ji da tausayi a haɗe. Haushin taurin kan da zai hana mutum ganin amininsa gani na ƙarshe, da tausayin yaron nan da aka yi wa dariya har ya tsufa bai warke ba.

Da aka gama, aka ce kowa ya zo ya yi bankwana. Mutane suka yi layi, kowa ya tsaya gaban akwatin, ya yayyafa ruwa da wani ɗan abu da ake miƙa masa, ya wuce. Na raka Madam, na ga fuskar Majo ta cikin gilashin, ya kwanta kamar mai barcin rana. Muka dawo muka zauna. Layi na raguwa ina waiwaye. Ya rage mutum kaɗan, ƙofa ba kowa. Na ƙarshe ya wuce. Maza suka taso da murfin da za a rufe gilashin, a waje kuma na ji an ta da mota. Na sunkuyar da kai na ce shi ke nan, wannan baƙin ciki da shi Malam zai mutu.

Sai na ji Madam ta matse mini hannu.

Na ɗago. Malam ne ke tahowa ta tsakiyar cocin, cikin babbar rigarsa, ƙafa ba takalmi, hular a hannu ya riƙe ta a ƙirji. Kan a buɗe. Hasken taga ya sauka a kansa, na ga tabon gaba ɗaya, daga goshi har bayan kunne, ɗaya gefen kuma furfura fara fat. Ashe mijina ya yi furfura haka ban sani ba. Ba ya sauri, ba ya kallon kowa. Na zaci za a yi ta kallonsa ana ƙus-ƙus. Waɗanda suka ɗago suka gan shi sai suka mai da idonsu ƙasa, masu murfin kuma suka ja da baya.

Ya tsaya gaban akwatin. Aka miƙo masa abin yayyafa ruwan, ya girgiza kai a hankali, Mompe ya yi wa mai miƙowar alama ya bari. Malam ya daɗe yana duban gilashin. Cocin ta yi tsit, har na ji abin da ya ce.

"Majo, ga ni, na zo. Albasarka na ba ta ruwa da sahe kahin mu taho. Kai na fara ba, kada ka ce na yi maka wayo."

Madam, wadda tun safe ta daure ba ta yi kuka ba, ta fashe da kuka a kafaɗata. Ni ma ban san lokacin da nawa ya zubo ba. Malam ya juya, ya bi hanyar da ya shigo, duk tsawonta, kai a buɗe. Sai da ya taka waje sannan ya mai da hularsa.

Muka shiga mota muka kama hanyar komawa Madarumfa. Sai da muka fara hango itatuwan bakin tafki na daure na ce, "Malam, an ce a shiga da takalmi, kai kuma ka shiga haka nan." Ya dubi taga ya ce, "Hular na iya. Takalmin ne ya gagare ni. Wurin da ake kiran sunan Allah, ƙahwata ba ta yarda." Daga nan bai sake ta da zancen ba har ya bar duniya, ni ma ban sake ba.

Madam ta bi gawar mijinta, ba ta dawo ba. Malam ya ci gaba da ba albasar ruwa har ta nuna, ya cire ya aika mata. Garkar Majo wani ya saye ta, injin ma ya mutu. Bayan wasu shekaru Malam ya bi amininsa. Yanzu in na bi ta bakin tafki da yamma na ji ƙarar injin wasu, sai in tsaya ina sauraro, ko zan ji muryoyin tsofaffi biyu suna gardama. Ina kewarsu, su duka ukun har da Madam, kewar da ba ta raguwa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in za ka shiga wurin ibadar wasu, ka tambayi abin da su suke kira ladabi, kada ka ɗauka naka ne na kowa. Mun je da iyakar girmamawar da muka sani, ashe a can ta juye. Na kuma gane cewa ba tsadar riga ce ke nuna ka girmama mutum ba, abin da ya yi maka wuya ka yi dominsa shi ne. Tun ƙuruciya nake tare da Malam, na gan shi cikin kayan angonci, na gan shi cikin na Sallah, ban taɓa ganin ya yi kwarjini kamar ranar ba. Da na san sau ɗaya ke nan zan ga kan mijina, da ban bar hawaye sun rufe mini ido ba.