Turmin Inna a Treichville

Turmin Inna tare da ita ya zo Abidjan, bisa motar albasa daga ƙauyenmu na Nijar, tun ban yi wayo ba. Ranar da muka koma bene a unguwar 220 Logements aikinsa ya ƙare. Sau ɗaya Inna ta ɗaga taɓarya, maƙwabciyarmu ta ƙasa ta hawo tana kumfar baki, wai rufi zai faɗo mata a ka. Daga nan sai injin niƙa. Turmi ya koma lungu, an rufe shi da tsohon zane.

'Yata ta fari a hannun Inna ta tashi. Ni kunyar 'yar fari ta hana ni ko kiran sunanta, balle in rungume ta a gaban mutane. Inna kuwa kullum suna tsiya, tana ce mata 'yar Faransi, don Hausar yarinyar a karkace take fita, rabi Faransanci rabi Nushi, yaren titin Abidjan. Da Inna ta rasu, yarinyar nan ba ta yi kuka a gabana ba.

Bayan 'yan watanni ta same ni ina ninke atamfofi, ta ce za a yi bikin kiɗa na taimako a Treichville, na yara masu koyo zalla, abin da aka tara kuma na gidan marayu ne. Ita da ƙawayenta biyu za su shiga, tana son in ara mata turmi.

Na ce, "Turmin wa? Turmin uwata za a ɗora a gbaka, motar haya, a kai gaban jama'a kamar ganga? Wallahi ba a gidan nan ba! Mu 'yan kasuwa ne, ba makaɗa ba."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, waƙar Kaka ce. Na gwada da gita, ba ta shiga."

Sai ta rera mini baiti ɗaya can ƙasa ƙasa, waƙar dakan da Inna kan yi tana bubbuga bayanta in za ta yi barci. Ashe tana riƙe da ita duk. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, ita kuwa ta san halina. Ranar Lahadin bikin da safe na ji su suna gangara da shi a matakala suna nishi, na yi kamar ban ji ba, na tafi shago abina.

Wajen azahar abin ya faɗo mini. Da zan fito daga gida na ga buhun geronmu a ɗaure, ba wanda ya taɓa shi. To me za su daka? Innalillahi! Yaran Abidjan, a kan matashin kujera suka yi ta gwaji, ba su san ba a dakan turmi wayam ba. Inna ko da wasa ba ta yarda, ta ce ba kyau. Ban da haka ma icen ya tsufa ya bushe, taɓarya uku suka hau shi ba komai ciki, tsagewa zai yi. Shi kaɗai ya rage mini na hannunta.

Na ruga wurin mai fura da ke gefen shagona, ta cika mini ƙwarya da surfaffen gero, wankakke. Na faɗa tasi. A mahaɗar Indénié motoci suka cushe, na yi ta yi wa direba faɗa kamar shi ya tare hanya, bawan Allah yana ta ba ni haƙuri.

A wani fili kusa da tashar jirgin ruwa ake bikin. Ina shiga na hango su a kan dandamali, kowace da taɓarya, turmin Inna a tsakiya. Wani saurayi mai kula da tsari ya tare ni, na ce, "Kauce, ɗana, kafin in bi ta kanka." Na hau da ƙwaryata na juye gero, na ce wa 'yata, "Ke, ba a daka shi wayam." Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Na sauko na tsaya a gefe.

Suka fara lugude. Da fari taɓarun na karo, har wasu suka yi dariya, daga baya hannu ya daidaita. Sautin da na rabu da ji tun ina budurwa ya cika filin. Ta ɗaga murya da karkatacciyar Hausarta, mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya suka kama tafi. Ni dai ban san lokacin da na kama hanci na rangaɗa guɗa ba. Guɗa, ga 'yar fari, a bainar jama'a! Da Inna na raye da ta yi shekara tana yi mini tsiya.

Ba su ci kyautar da aka sa wa gwani ba, wani yaro mai balafo, kiɗan katako, ya ɗauke ta, kuma ya cancanta. Da aka tashi na duba turmi ciki da waje, lafiya lau, gero ya yi laushi. 'Yata ta aiki ƙawarta ta sayo sukari, ta yayyafa ruwa, ta ƙara kirɓawa ta yi gumba, ta bi marayun da aka kawo tana raba musu. Curi na ƙarshe ta kawo mini. Tafin hannunta duk ya yi bororo.

Ta ce, "Sadakar Kaka ce, Mama. Ki ci ki yi mata addu'a."

A nan ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa. Na jawo ta jikina, na kira sunanta.